Yayana Wanzam da Kabar Awon Kai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Yayana ya riga ni komawa. Ran Laraba da hantsi yac cika, nan Boɗinga, cikin ɗakin da anka haihe mu ni da shi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ne babba, ni ce auta, na tsakiyarmu duk sun tahi tun tuni. Wanzami ne, ɗan wanzami.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nashi ba. Na leƙa ta zaure, nag ga rabin mazan da ke zaune ya taɓa bugunsu. Akwai wani mai giɓi daga Horo Birni, Yaya ne yac cire mashi haƙoran ga biyu, kuma ba da ƙarhen cire haƙori ba. Akwai wani wanzami daga wajen Lambara mai karkataccen hannu, shi ma aikin Yaya ne. Tabarma ɗaya sunka zauna, suna share ido da bakin riga. Cikin gida kuwa mata sun cika har bakin murhu. Wasu na cewa, "Allah Shi ji ƙan Baba Wanzam, ba don shi ba da ɗana ba shi raye." Wasu na cewa a hankali, "Allah dai Shi gahwarta mashi zahin hannu."

Da anka gama shirya shi, liman yat turo babban ɗan Yaya cikin gida. Yat tsaya yac ce, "Liman ya ce a yahe ma Baba."

Mata sunka haɗa baki, "Mun yahe, duniya da lahira."

Nac ce, "Ni ban yahe ba."

Ɗiyata babba tar ruhe mani baki da hannu, nac cije ta. Matar Yaya taj jeho ni da moɗa, tas same ni ga kahwaɗa.

"Azzaluma! Gawatai na ƙohwar gida!"

"Ko tana cikin rami," in ji ni.

Haka anka ɗauke shi, kowa ya yahe ban da ƙanwatai. Abin da yas sa nike rubutun ga ke nan. Ajin manya nak koyi karatu bayan haƙorana sun hwara zuba, hannuna ba shi da sauri, amma ba ni barin wani shi rubuta mani. Za shi gyara magana, ni ko ba gyara nike so ba.

Yaya ba shi gaida yaro. In ya gan shi, abu ɗaya shike cewa: "Kawo kan." Shi aza hannu, shi shahwa gaba, shi shahwa ƙeya, shi tura shi gaba. Duk kan da ke unguwarmu, shi yay yi mashi askin suna. Ko da ido ruhe shina gane ɗan wane da ƙeya. Ba shi dariya sai in wani ya hwaɗi. Ba shi cin tuwo da kowa, wai mutane na ɓata mashi miya da surutu.

Shi yar riƙe ni bayan rasuwar Babanmu, shi yay yi mani aure. Ina amarya maigidana yam mare ni, sau ɗaya. Ban kai ƙara ba, shatar yatsu ce tak kai. Yaya yag gan ta. Yaj jira Jumma'a, maigidana yaz zo aski yadda yas saba. Yaj jiƙa mashi kai, ya aske rabi, sannan yas sauko da aska ya aza mashi ga maƙogwaro.

"Surukina, da wane hannu?"

"Yaya, kuskure ne."

"Ban tambayi ko mi ne ne ba. Da wane hannu?"

Maigidana yaɗ ɗaga na dama. Yaya yat tsaga mashi tahin hannun daga gehe zuwa gehe, yac ce, "Tashi. Sauran askin sai wata Jumma'ar." Mako guda maigidana na yawo da rabin kai cikin hula. Har yam mutu bai ƙara ɗaga mani ko murya ba. Wanga shi ne Yayana, kuma a lokacin babu wanda nike so duniya awa shi.

Haihuwata ta ukku nas samu namiji. Shina wata biyu zazzaɓi yak kama shi, wuya yas sanƙare, munka hid da rai, sai yat tashi. Munka yi murna. Bayan nan kan yaron yah hwara girma. Hular da naɗ ɗinka mashi taƙ ƙi shiga, naɗ ɗinka wata, ita ma taƙ ƙi. Maɗiga tat taso tay yi tauri. Jijiyoyi sunka hito bisa hwatar kai, kore-kore. Baƙin idonai yan nutse ƙasa, hwarin ne kawai sama. Ya sha nono shi amayar, kuka kuwa siriri, mai shiga haƙori. In na goya shi sai na tallabe kan da hannu. Mata sunka hwara janye ɗiyansu in na shigo. Ina ji ana cewa ɗan ruwa ne, ba mutum ba, a kai shi bakin gulbi shi koma ga danginai. A zamanin nan ba mu san ana yi ma abin ga komi asibiti ba.

Abin da garin ga yas sani shi ne: ina rijiya Yaya yaz zo yaɗ ɗauki yaron, yay yi mashi sakiya ga kai da ƙarhe mai wuta don ruwan shi hita, kwana ukku yaro yar rasu. Haka Yaya yag gaya ma maigidana, haka yag gaya ma liman. Ku riƙe wagga magana, za ni dawo gare ta.

Ran da anka kai yaron kabari, Yaya na zaune cikin zaure, nah hito da taɓarya. Na nuhi kai, yat tare da hannun hagu. Naj ji ƙashi ya ɓalle. Naƙ ƙara. Mutum huɗu sunka riƙe ni. Shi da ke kar da ƙato da mari ɗaya, bai ko tashi tsaye ba. Yatsu biyu sunka warke a sandare, da su yak koma kabari. Tun daga rannan ban ƙara yi mashi magana ba, kusan shekara arba'in. Gidana da nashi katanga ukku ne tsakani.

Bai ƙara sakiya ba, ko ga maruru. Yab bizne ƙarhen bayan gari. Wani malamin asibiti da ke zuwa aski wurinai yag gaya mashi in kan jinjiri na gudu, a kai birni da wuri, akwai abin yi. Daga nan yat tsiro da kaba. Ran suna, in ya gama aski, shi zaro siririyar kaba, shi zagaya kan daga goshi zuwa ƙeya, shi ƙulle, shi ɗaura mata ɗan ƙyallen zanen uwar don shi gane ta wa ce, shi jehwa zabira. Ran arba'in shi komo ba wanda yak kira shi, shi sake awo da kabar. "Kawo kan." Cewa shike kai dole shi girma, yatsa biyu ba komi. In ya wuce ukku, maɗiga ta kumbura, to ranar babu zaman lahiya gidan sai an hau mota.

Mutane ba su son a gaya masu haka, shi ko ba shi iya lallashi. Mai giɓin ga na Horo Birni, ɗanai yas sa cikin kwando da asuba za shi kai bakin gulbi. Yaya yat tare shi bisa hanya da sanda. Yaron bai yi rai ba, gaskiya, an makara. Amma bisa cinyar uwatai yac cika, cikin asibiti, ba cikin laka ba. Ba duk waɗanda Yaya yat tura sunka komo ba. Wasu sun komo, suna nan, har da masu aure.

Shekara shida da sunka wuce abin yas sake shigowa gidana. Jikata, ɗiyar ɗiyata babba, tana aure wani ƙauye gaba da Lambara. Tah haihi macce. Ba ƙasar askin Yaya ba ce, amma ya je suna, ya yi awonai, wanzamin garin na harara. Da yak koma ran arba'in, surukin jikata, uban mijinta, yah hana shi shiga. Wata ukku bayan nan jikata tay yi ma uwatta waya tana kuka. Kan yarinya ya yi girma, ido ya juye, an kira wanzami gobe da hantsi.

Da sahe nat tahi ƙohwar Yaya. Shina wasa aska. Nad dubi katanga nac ce, "A gaya ma mai gidan ga za a yi ma jinjira sakiya wajen Lambara yau."

Bai dube ni ba. Yac ce ma katangar, "A gaya ma mai maganar ta wuce gaba."

Mota ɗaya munka hau, kujera ɗaya, buhun albasa tsakaninmu. Daga bakin hanya keke mai ƙahwa ukku yak kai mu.

Mun ishe an gama shiri. Tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, kasko cike da garwashi, ƙarhen ciki ya yi ja. Wata tsohuwa ta danne jinjirar bisa cinya, an aske mata kai, shina walƙiya. An kulle jikata cikin ɗaki, tana bugun ƙyaure. Wanzamin ya durƙusa, ya kama ƙotar ƙarhen.

Yaya ya kusa tamanin lokacin nan. Ban san ta ina yaw wuce ni ba. Sandatai tas sauka ga hannun wanzamin, ƙarar awa an taka busasshen kara. Mutumin yak kurma ihu. Ƙarhen yah hwaɗi bisa zanen tsohuwar, dab da ƙahwar jinjira, zane yak kama hayaƙi. Yaya yad damƙe shi ta wajen jan, da hannu tsirara, yaw wurga bayan darni. Naj ji ƙaurin nama.

"Ka shigo mani gida ka yi bugu?" in ji surukin. "Ku kama shi!"

Ɗiyanai maza ukku sunka yo kainai. Yaya yah hizge jinjirar, yad duƙa bisanta, yab ba su baya. Ɗaya da ƙotar hauya, ɗaya da itacen wuta. Naj ji ana bugun bayanai awa ana sussuka. Ƙeyatai tat tsage, jini yab bi wuya yaj jiƙa riga. Ba shi cewa komi sai, "Ku bugi nan. Nan ɗin da ƙwari."

Akwai taɓarya jingine ga turmi. Na san aikinta. Na hwarko nas same shi ga gwiwa, yaz zube. Na biyu ga kunne. Na ukku yaj ja baya shina cewa, "Inna, ke macce ce!"

"Matso in gwada maka!"

Nab bugi kwaɗon ɗakin har yaɓ ɓalle, jikata tah hito. Mijinta, da tun ɗazu shike tsaye awa turke, sai sannan yas samu baki. Yac ce ma ubanai, "Baba, ka yi haƙuri, ɗiyata ce." Yaɗ ɗauko babur yan nemo muna mota.

Babban asibitin birni anka ɗinke ma Yaya kai, anka naɗe mashi hannu. Yaƙ ƙi kwanciya. Da anka yi ma yarinya hoton kai, yab bi mu har ɗakin likita, wani ɗan saurayi mai tabarau.

"Yaro, gwada mani inda ruwan ga shike."

Likita yag gwada mashi. Yac ce cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu, biyu manya gehe da gehe, biyu ƙanana ƙasansu. Can ciki ruwan ke tsattsahowa kullum, hwari tas. Shi bi wata siririyar hanya daga ɗaki zuwa ɗaki, shi hito shi kewaye ƙwaƙwalwa da lakar baya, jini shi shanye shi. Kowa da nashi, ni da ku duka. In hanyar ta toshe, ko don tabon da sanƙarau yab bari, ko don haka anka haihi yaro, ruwa ba shi daina zuwa. Ɗakunan su kumbura su danne ƙwaƙwalwa. Ƙashin kan jinjiri bai gama haɗewa ba, sai shi buɗe.

"Lambun albasa ke nan," in ji Yaya. "Inji na zuba, hanya ta toshe."

"Haka ne, Baba."

"In an huda daga waje hwa?"

"Baba, ruwan na can ciki. Kahin ƙarhe shi kai gare shi sai ya ratsa ƙwaƙwalwa. Ko ya hita, gobe wani za shi taru. Kuma an buɗe ma cuta ƙohwa."

Yaya bai dube ni ba. Ni ma ban dube shi ba.

Sunka sa mata siririyar roba, daga cikin kai, ta bayan kunne, ƙarƙashin hwata har ciki, ruwan shi riƙa sauka can jiki shi shanye. Sau ɗaya tat toshe, amai da barci sunka taso, anka koma anka sake. Yanzu tana nan, kanta ya ɗan hi na tsara, tana ɗan jan ƙahwar hagu, baki kuwa nawa taɗ ɗauko. Yaya na ce mata amaryatai. In ya ce, "Kawo kan," ta ce, "Kawo naka tukuna, tsoho mai ɗinki." Shi duƙa ta taɓa tabon ƙeyatai, sannan shi bi robar da yatsa bayan kunnenta. Ita kaɗai nat taɓa gani ta sa shi dariya ba tare da kowa ya hwaɗi ba.

Za ku ce bayan wanga mun shirya. Ba mu shirya ba. Ran da munka komo daga birni, bakin tasha, yac ce, "Auta." Naw wuce abina.

Ran Talata da la'asar, ana gobe za shi cika, anka ce shina kirana. Nat tahi. Ya ƙare, sai ƙashi da gemu. Yas sa kowa yah hita.

"Auta, kin zo?"

"Na zo in ga ko da gaske ne."

"Rannan kina rijiya. Kin ji ko?"

"Ban je rijiya ba."

"Kina rijiya!" Yaɗ ɗaga hannun ga mai sandararrun yatsu awa za shi mare ni. Hannun yak koma bisa tabarma da kainai.

To ga maganar da nac ce za ni dawo gare ta. Ban je rijiya ba. Ni naɗ ɗauki ɗana nak kai ma Yaya. Na gaji da kukan, na gaji da matan da ke cewa a kai shi gulbi. Nac ce shi huda ruwan shi hita. Yac ce a'a, bai taɓa ganin Baba ya yi ga kai ba. Nak koma washegari, yak kore ni. Rana ta ukku nat tsaya gabanai nac ce, "Ashe zabirar Baba kawai kag gada, ba ka gaji zuciyatai ba. Kana iya yanka surukinka, ba ka iya ceton ɗan ƙanwarka. Matsoraci." Na san inda za ni taɓa shi, nan nat taɓa. Yah hura wuta. Yac ce, "Riƙe shi da kyau." Nar riƙe. Ƙahwahunai cikin cinyoyina, kainai cikin hannuwana biyu. Ƙarhen yash shiga, hwata tay yi ƙauri, yaron yam miƙe yas sandare, ruwa da jini sunka zubo mani bisa zane. Har murna nay yi da nag ga ruwan. Kwana ukku shina hizga, jiki awa garwashi.

Yaya ya san maigidana da danginai ba su barina gidan in sun ji, kuma ina da ɗiya mata biyu ƙanana. Shi yaƙ ƙago rijiyar. Ni ko nak karɓa, naɗ ɗauki taɓarya nak karya mashi hannu gaban mutane. Shekara arba'in ina ƙin shi, don in ban ƙi shi ba, wa za ni ƙi? Da anka ce a yahe mashi, nag ga in na ce na yahe, na sa hannu ke nan ga ƙaryar har abada. In ce gaskiya kuma ban iya ba, mata sun yi yawa. Sai bakina yah hid da abin da yas saba.

Ran sadakar bakwai nat tsaya ƙohwar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, inda maza za su ji, mata za su ji. Nac ce, "Malam, gahwara, ina da magana." Liman yac ce, "Inna, a bari a watse." Nac ce ba a bari. Nah hwaɗi duka, yadda nar rubuta nan, har da matsoraci. Sannan nac ce, "Abin da ke nashi ciki, na yahe, duniya da lahira. Nawa ne ban san wa za ni roƙa ba."

Ɗiyata babba, wadda nac cija, tat tashi tash shige ɗaki. Yaron ƙanenta ne, tana tuna shi. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laihinta ba.

Matar Yaya tat taso daga tabarmar takaba, taz zo har gabana, tash sharara mani mari. Tun bayan na maigidana ba a mare ni ba. Ban rama ba.

"Shekara arba'in nike jiran ki buɗe bakin ga," in ji ta. "Ni nike gasa mashi hannun."

Tash shiga ɗaki, tah hito da tsohuwar zabira, taj jeho mani ga ƙirji. "Ya ce a ba ki. Ni ban so ba."

Askake sun tahi ga ɗanai. Kaba ce kawai ciki, dami guda, ko wace da ƙulli da ɗan ƙyalle.

Allah, Ka san hannun ga biyu, wanda nak karya da wanda wuta tac ci. Ka duba su, Ka sassauta mashi. Ka haɗa shi da yaron, shi gaya mashi uwatai ta hwaɗi gaskiya, ko da ta makara.

Jiya an yi suna maƙwabta. Ɗan Yaya yay yi aski, yan naɗe kayanai za shi tashi. Nash shiga da zabira rataye. Mai jegon yarinya ce, haihuwar hwari, ta ji labarina, taƙ ƙanƙame ɗanta.

"Inna, mi za ki yi mashi?"

Naz zaro kaba sabuwa, naz zauna gabanta.

"Kawo kan."